Ɗigon Haske a Saman Tungar Marke

Mutanen Tungar Marke manoma ne tun kaka da kakanni. Gero da dawa suke nomawa a tudu, shinkafa kaɗan a fadama, kuma ba mai kwana a birnin Sakkwato a cikinsu sai in jinya ta kawo shi. Shekarar da 'yan bindiga suka matsa musu, gida tara suka kwashi abin da kai zai iya ɗauka suka shigo birni. Suka sauka a wani kango bayan unguwar Gidan Dare, wanda mai shi ya kai ginin linta ya tsaya. Suka rufe saman ɗakunan da leda da tsofaffin buhuna, suka tokare ƙofofi da zana.

Ba za a ce sun rasa komai ba. Maƙwabta sun bar su suna ɗiban ruwa, limamin unguwa ya sa an karɓi yaransu a makarantar firamare, maza suna samun dako a kasuwa, mata suna surfe da wankau. Abin da suka rasa shi ne ƙasar da za su sa iri. Manomin da ba shi da gona kuwa, ko ya ƙoshi, baƙo ne a cikin rigarsa.

A ɗaki na ƙarshe Mode yake zaune da matarsa Atika da 'ya'yansu uku. Babbar cikinsu Zakiyya ce, mai shekara goma sha biyu, 'yar aji biyar. Da su huɗu ne. Yayanta Sirajo an harbe shi a gona yana duƙe yana noman farko, da fartanya a hannunsa aka ɗauko shi. Ranar da suka baro ƙauye, Atika ta sa mijinta ya yi mata alkawari a gaban 'yan'uwansa cewa ba zai sake taka Tungar Marke ba sai an ga tsaro da ido, ba da jin kunne ba. Mode mutum ne mai riƙe magana. Damina biyu ta wuce yana kallon hadari daga bakin kasuwa da buhun wani a kansa.

Amma yana da wata gora da ya gudo da ita, cike da irin gero zango wanda ya gada wurin mahaifinsa, an cuɗe shi da toka saboda ƙwari. A bazarar nan ya ƙirga ƙwaya goma ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye gindin randa. Bayan kwana huɗu ya buɗe, huɗu kaɗai suka tsiro. Zakiyya ce ta gan shi tsugune yana juya ƙwayoyin da ɗan yatsa, ta kuma san lissafin da yake yi: in damina ta uku ta wuce, irin ya mutu a gora.

Ana cikin haka Dodo ya dawo. Ɗan ƙanen Mode ne, shi kaɗai yake da ƙarfin halin laɓaɓawa ƙauye lokaci lokaci ya duba gidaje. Ya shigo kangon da la'asar yana haki, waya a hannu, ya ce kowa ya zo ya gani.

Bidiyon bai kai minti ɗaya ba. Ana ganin babban marken da ƙauyen ya ci sunansa, da rumbunan gidan Mode, da rana tana gangarawa yamma. Sama da marken kuma ga wani abu kamar ƙwayar wake, kore-kore mai sheƙi, yana yawo. Ya yi dama, ya tsaya cak, ya dawo hagu, ya sauko ƙasa, sannan ya ɓace kamar ƙiftawar ido. Dodo ya ce shi ma bai lura da abin ba lokacin da yake ɗauka, rana ta kashe masa ido, sai da ya zauna a mota yana kallo ya gani.

Nan fa gardama ta tashi. Wata tsohuwa ta ce aljanu ne suka gaje garin tunda mutane sun bar shi. Wani saurayi mai tura baro ya ce yana ganin irinsa a waya kullum, halittun wata duniya ne suke leƙo tamu, aka ce masa ya rufe baki, in sun leƙo Tungar Marke me za su samu, ko akuya ba a bari ba. Aka yi 'yar dariya, irin wadda aka daɗe ba a yi ba a kangon. Sai Haruna, wanda ya taɓa aikin gadi a Sama Road, ya karɓi wayar ya kalla sau biyu, ya ce wannan jirgi ne marar matuƙi, irin wanda jami'an tsaro suke sintiri da shi. Ya ce shi ya sa ba a jin ƙara, shi ya sa yake tsayawa wuri ɗaya. Duk inda aka ga wannan, in ji shi, ɓarayin daji ba sa kwana.

Maganar Haruna ce ta zauna, don ita kowa yake so.

Dodo ya tura bidiyon a wayar Mode. Mode ya kai wa matarsa har bakin murhu.

"Ba ke kinka ce sai an gani da ido ba? To ga shi, Atika. Duba da kyau."

Atika ta goge hannu a zane, ta kalla sau uku. Ta yi kuka kaɗan, sannan ta ce Allah shi tsare. Kafin magariba maza biyar sun yanke shawara: ranar Alhamis za su tafi su yi binne, wato su sa iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan farko, su zauna har a yi noma.

Zakiyya ta yi murna kamar kowa a ranar. Ita ce mai kai wayar shagon caji, don haka ta fi kowa kallon bidiyon. A kallo na biyar ko na shida wani abu ya fara damunta, ta kasa gane ko mene ne. Ta dai lura duk lokacin da ta kalla sai kanta ya ɗan juya, kamar wadda take kan jaki.

Ranar Talata da aka tashi makaranta ta tsaya jiran Malama Ummulkhairi, mai koya musu kimiyya. Malamar ba ta da hayaniya, kuma ba ta taɓa ce wa yaro tambayarsa shirme ce ba. Ta zauna a kan benci a inuwar dogonyaro, ta sa tabarau, ta kalli bidiyon har ƙarshe. Ta tambayi Zakiyya wane gari ne, wa ya ɗauka, me mutanen gida suka ce. Da ta ji zancen Alhamis sai ta cire tabaran ta goge shi a mayafi, ta daɗe tana gogewa.

"Zo zauna nan kusa da ni," ta ce. "Za mu sake kallo. Amma wannan karon kada ki kalli abin. Kowa shi yake kallo. Ke ki kalli marken."

Zakiyya ta kafa wa itacen ido. Malamar ta tambaye ta ko marke yana tafiya, ta ce a'a. Ta tambaye ta to me ya sa yake zamewa hagu a cikin hoton, ta ce hannun Dodo ne yake motsi. Malamar ta ce madalla, yanzu ta duba me ɗigon yake yi daidai lokacin da marken ya zame hagu.

Ɗigon ya yi dama. Da marken ya tsaya, ya tsaya. Da marken ya dawo dama, ya koma hagu. Ko sau ɗaya bai motsa ba alhali hannun Dodo yana tsaye.

Suka sake kunnawa, Malamar tana dannawa tana tsayarwa da babban yatsa. Ta nuna mata inda ɗigon ya sauko ya gifta ta gaban jinkar rumbu, ba ta bayanta ba, kuma girmansa bai sauya ba ko kaɗan. Ta ce abin da ke can nesa cikin sama ba zai shiga tsakanin mutum da rumbun da ke gabansa ba, in kuwa ya matso har haka, dole ya ƙara girma. A ƙarshe ta nuna mata wurin ɓacewar. Daidai lokacin da Dodo ya karkata, rana ta shige bayan reshen marke, daidai lokacin ɗigon ya mutu.

Sannan ta yi mata bayani a hankali. Ta ce idon kyamara ba gilashi ɗaya ba ne, 'yan ƙanana ne a jere, wani bayan wani. In haske mai ƙarfi ya shiga, wani ɓangarensa yakan yi ta dukan gilasan yana dawowa, sai ya sauka a wani gefen hoton kamar ɗigo. Ba a sama yake ba, a cikin wayar yake. Ta ce manya masu ilimi a ƙasashe da yawa sun sha ruɗuwa da irinsa, don haka ba abin kunya ba ne ga Dodo ko Haruna.

Ba ta so yarinyar ta yarda don malama ce ta faɗa. Ta miƙa mata wayar ta ce ta fita daga inuwa ta ɗauki rufin aji da rana a gefe. Zakiyya ta ɗaga wayar. Ga shi nan, kore-kore, sama da rufin kwanon aji biyar. Ta karkata hannu, ya gudu. Ta tsaya, ya tsaya. Ta sa tafin hannu ta tare rana, ya ɓace.

Ta daɗe tsaye cikin zafin nan na bazara ba ta ji shi ba. Da ta dawo inuwa ta tambaya, murya ƙasa ƙasa, ko wannan yana nufin babu jirgi a garinsu.

"Wannan ban sani ba, Zakiyya, kuma ba zan ce miki na sani ba," in ji Malamar. "Abin da na sani shi ne wanda ke cikin bidiyon nan ba jirgi ba ne. Shi kaɗai za ki iya faɗa."

Ta ce in ana so za ta zo gidan da kanta ta yi bayani. Zakiyya ta ce a bari ta fara gaya wa Baba. Ta san halin kangon: in baƙuwa ta zo ta ƙaryata maza biyar a gaban matansu, ko gaskiya ta fi rana haske ba za su saurara ba.

Da ta isa gida ta tarar da mahaifiyarta tana soya gari na guzuri, tana 'yar waƙa ƙasa ƙasa. Rabon da Zakiyya ta ji ta tana waƙa tun Sirajo yana da rai. Ta tsaya a bakin ƙofa da maganar a bakinta. Ta san in ta faɗa a nan, an gama: Inna za ta ajiye ludayi ta tuna wa Baba alkawarinsa, shi kuma ba zai karya ba. Amma ta ga bai dace uba ya ji kuskurensa daga bakin matarsa ba alhali 'yarsa ce ta gano. Ta haɗiye, ta ɗauki bokiti ta tafi ɗebo ruwa.

Ranar Laraba da la'asar ta tare shi a bayan kango, inda yakan zauna a kan bulo ya wanke ƙafa in ya dawo kasuwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce tana da abin da za ta nuna masa. Ta bi yadda Malama ta bi, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake komai ba: marken, jinkar rumbu, reshen da ya rufe rana. Daga ƙarshe ta ɗaga wayar wajen rana, ta nuna masa ɗigon yana yawo sama da bangon maƙwabta.

Mode ya kalla har ta gama. Ya karɓi wayar ya gwada da kansa, ya karkata hagu, ya karkata dama. Ya yi murmushi, ya ce lallai makaranta ba ƙarya ba ce, Allah shi yi wa malamar nan albarka. Sai ya ce ta mayar da bidiyon Dodo farko.

"Ke kin kalli marke. To yanzu kalli gindin rumbu. Mi kika gani?"

Zakiyya ta duba. Wata kaza ce, cikin waɗanda aka gudu aka bari suka koma kamar na daji, tana tono da 'yan tsakinta. Sau da yawa ta kalli bidiyon ba ta taɓa lura da ita ba.

"Kaza mai ɗiya, ko tsumma iska ta ɗauka sama, sai ta yi ƙara ta tattara su ƙarƙashin fiffike," in ji Mode. "Shirwa tana can inda idonki bai kai ba, ita ta gan ta. Wagga ko kai ba ta ɗaga ba. Tun ranar da Dodo ya zo na gani."

Zakiyya ta tambaye shi ko sauran huɗun sun sani. Ya ce bai tambaye su ba, su ma ba su tambaye shi ba, amma duk cikinsu ba wanda bai yi kiwon kaji ba.

Ta ce to don me zai tafi.

Bai yi mata tsawa ba. Ya zuba sauran ruwan buta a ƙafa, ya yi mata magana kamar yadda ake yi wa babba. Ya ce bayansa ya fara ƙin buhu, watan jiya sau biyu ya faɗi da kaya, masu kaya sun fara tsallake shi suna kiran samari. Ya ce ta dubi yadda wuyan ƙannenta ya rame. Ya ce mai kangon ya aiko a auna wurin, ba a auna gini don a bar shi haka. In ya zauna, abin da zai same su a nan a hankali zai zo, amma zai zo. In ya tafi, mai yiwuwa ne ya dawo da dami, mai yiwuwa ne kada ya dawo. Shi ya zaɓi mai yiwuwa.

"Amma Baba, ka yi wa Inna alkawari."

Nan ne ya sunkuyar da kai. Ya ce ya sani, kuma wannan tsakaninsa da Allah ne, zai amsa. Sannan ya ce ba zai ce mata ta yi ƙarya ba, ba zai kuma ce ta rufe baki ba. In ta shiga ta faɗa wa innarta, zai kwance kayansa ya zauna, ba zai riƙe ta a zuciya ba.

"Sai dai ki sani, kwana uku ke nan innarki tana barci," ya ce. Ya ɗauki butarsa ya nufi masallaci.

Zakiyya ta shiga ɗaki. Atika tana ɗaure garin a leda, ta ɗago ta ce ina ta tsaya, ta zo ta kama mata bakin buhu. Zakiyya ta kama. Ta dubi ƙannenta biyu suna lasar kaskon da aka soya gari, ta dubi hannun mahaifiyarta yana aiki da sauri kamar da. Sau biyu ta buɗe baki. Na farko Atika ta ce ta riƙe da kyau, na biyu ba wanda ya katse ta, ita ce ta rufe.

Da safiyar Alhamis suka raka su bakin titi. Mode ya rataya gorarsa, ya saɓa sungumin shuka, ya sa wa yara albarka ɗaya bayan ɗaya. Ya bar wayar a hannun Zakiyya, don can babu sabis, babu wurin caji. Ya ce in Dodo ya samu hanya zai riƙa kawo labari. Motar ta tashi da su biyar a baya, zaune kan kayansu, ba wanda ya ɗaga hannu sai Haruna.

Washegari Malama Ummulkhairi ta tsayar da ita a bakin aji ta tambaye ta yadda aka yi. Zakiyya ta ce ta nuna masa, ya gane, ya tafi. Malamar ba ta ƙara tambaya ba. Ta dafa kanta, ta ce duk ranar da take son zama a inuwar nan bayan an tashi, ta zo.

Bayan kwana tara aka yi ruwan farko, mai ƙarfi, har ledar rufinsu ta yage. Matan kangon suka fito suna tara ruwa suna cewa binne ya yi kyau bana. Mako biyu suka wuce, Dodo bai zo ba. Na uku ya shiga. Wani direba ya ce an rufe hanyar wajen, wani ya ce a buɗe take, ba wanda ya san komai game da Tungar Marke.

Kullum bayan la'asar Atika takan ajiye aiki ta kira ta. "Zakiyya, kunna mini jirgin nan in gani." Sai ta zauna a bakin ƙofa, ta kawo fuskarta kusa da wayar, ta bi koren ɗigon da ido, dama da hagu, tana motsa leɓe da addu'a. Ba ta kallon marke, ba ta kallon gindin rumbu. In ya ɓace sai ta yi ajiyar zuciya ta ce a sake.

Zakiyya takan riƙe mata wayar da hannu biyu har ta gaji da kallo. Ta gane cewa babu komai a sararin sama da yake tsaron mahaifinta, cewa ya san haka kafin ya tafi, kuma da ta yi shiru ranar Laraba, ita ma ta sa hannu a tafiyarsa.